Fiffike Ɗaya, Biyu, Uku Ko Huɗu: Wanne Ya Dace da Allon Mai Zuwa Teku Daga Abuja?

Wata Asabar da safe a bakin tafkin Jabi, na gama zagayena ina ɗauraye allona na hawan ruwa, sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, ga allon da nake so in yi oda, amma an ce in zaɓi mai fiffike uku ko mai huɗu, ni kuwa in ban da kuɗi ban ga abin da ya raba su ba." Yaron a Legas ya yi bautar ƙasa, kuma a can ya koyi hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay, inda ni ma na koya a shekarun da na yi aiki a garin. Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, domin tambayar ta fi ƙarfin kalma biyu, musamman ga mu mazauna Abuja da teku ya yi mana nisan fiye da kilomita 700 ta mota. Wanda ke zaune a bakin teku yana iya gwada wannan yau, ya sauya wancan gobe. Mu kuwa sau uku ko huɗu muke zuwa a shekara, kayan kuma daga waje ake yo odarsu da kuɗin waje, saboda haka kuskuren zaɓi yakan ci wa mutum tafiya guda sukutum.

Fiffiken da ake magana shi ne ɗan fallen nan mai kama da fiffiken bayan kifi, wanda ake kafawa a ƙarƙashin allo wajen wutsiyarsa. Allunan farko na mutanen Hawayi ba su da shi, kuma mahayi yakan tsoma ƙafa ɗaya a ruwa ya ja ta idan yana so ya juya. A 1935 ne wani Ba'amurke mai suna Tom Blake ya ciro wani ƙarfe daga ƙasan tsohon jirgin ruwa mai gudu ya ɗaura wa allonsa, sai wutsiyar allon ta daina zamewa gefe. Duk gardamar da ake yi har yau a kan siffa da adadi daga wannan ƙarfen ta samo asali.

Wanda ya taɓa riƙe filafili a cikin kwale-kwale mai tafiya ya riga ya san rabin karatun. Idan ka tsoma shi kaifinsa na fuskantar gaba, ruwa zai tsage ya wuce ta ɓangarorinsa biyu, ba za ka ji komai a hannunka ba. Da zarar ka ɗan murɗa shi, sai ka ji ana fizgar hannunka gefe da ƙarfin da ba ka zata ba, domin ruwan da ke bugun fuska ɗaya yana danna ta, wanda ke kewaye ɗaya fuskar kuma yana ƙara sauri, matsinsa ya ragu, har ya zama kamar ana tsotso filafilin zuwa can. Wannan fizgar ita ce riƙon da mahayi ke jingina da shi sa'ad da ya karkata allo zai juya, kuma ita ce ke mai da dannawar ƙafarsa ta zama gudu. Amma ka ci gaba da murɗa filafilin ka gani: akwai inda ruwan zai daina bin bayansa, ya rabu da shi ya koma kumfa da hargitsi, fizgar ta mutu nan take, ba abin da ya rage sai jan baya. Haka ake yi wa mahayi a tsakiyar juyi, sai kawai wutsiya ta kuɓuce ya ji shi a ruwa. Haka ma idan fiffiken ya matso saman ruwa har iska ta shiga bayansa.

Abubuwa biyu suka kamata mai zaɓi ya riƙe daga nan. Ruwa ya fi iska nauyi kimanin sau 800, shi ya sa fallen da bai fi tafin hannu ba yake iya riƙe ƙato a bangon igiya. Sannan ƙarfin riƙon yana hawa ne da ninkin gudu: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu, jan bayan ma haka. Fiffiken da ya ji daidai a ƙaramar igiya yana iya yin tauri kamar an kafe shi da ƙusa a babba, wanda kuma ya yi daɗi a babba yana iya zama kaya a ƙarama. Babu fiffiken da ke ba da riƙo kyauta, kowane riƙo da jan bayansa yake zuwa, kuma zaɓin gaba ɗaya ciniki ne tsakanin waɗannan biyun.

Kafin a zo kan adadi, siffar fiffike ɗaya tak tana da abin faɗa da yawa. Mai zuwa kasuwar kifi ta Kado ya ɗauki taitus ya dubi wutsiyarsa, siririya mai tsaga kamar jinjirin wata, sannan ya dubi ta tarwaɗa, faffaɗa mai zagaye. Na farko kifin dogon gudu ne a buɗaɗɗen teku, ta biyu kuwa mai murɗe-murɗe ce a taɓo da saiwoyi. A ƙarshen kowane fiffike, ruwa yana silalewa daga ɓangaren da matsi ya yi yawa zuwa wanda ya yi ƙasa, ya nannaɗe kamar igiya a bayansa, kuma wannan asara ce. Fiffike dogo siriri yana rage asarar, gajere faffaɗa yana ƙara ta. George Greenough, mutumin Kalifoniya, ya lura da haka a shekarun 1960, ya kwaikwayi wutsiyar kifin tuna, wanda dangin taitus ne, ya yi fiffike dogo siriri mai lanƙwasa, kuma da irinsa Nat Young na Ostiraliya ya ci gasar duniya a San Diego a 1966. Daga lokacin aka fara barin manyan fukafukan da ake amfani da su a da, masu kama da rabin faifai.

Gindin fiffike, wato tsawon inda ya haɗu da allo, shi ne abin da mahayi ke turawa ya sami gudu, dogon gindi ya fi tura allo gaba amma yana hana shi juyawa a ƙunci. Zurfinsa shi ke hana zamewa. Kwanciyarsa baya kuwa, a ganina, ita ce abin da aka fi ji a ƙafa bayan girma. Wanda ya kwanta baya sosai kamar lauje yana jure murɗawa kafin ruwa ya rabu da shi, yana zana dogon juyi mai faɗi, ya dace da igiya mai tsawon bango. Wanda ya miƙe tsaye yana juyawa a wuri ɗaya kamar ƙofa a kan ƙyaurenta, ya dace da gajeriyar igiya da ba ta ba ka filin yawo. Fukafukan gefe suna da nasu ƙarin: fuskarsu ta ciki shafe take, ta waje kuma tana da doro, kawunansu na kallon hancin allo da ɗan karkata, sannan sun ɗan jingina waje. Wannan saiti yana sa allo ya shiga juyi da sauƙi, sai dai idan ana tafiya miƙe, fukafukan biyu suna matse ruwa a tsakaninsu, wato ɗan birki ne da mahayi ke ɗauke da shi kullum.

Fiffike ɗaya shi ne mafi tsufa, kuma har yanzu ba a sami abin da ya fi shi a kan dogon allo ba. Yana tsakiya, fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, ba ya karkace, don haka idan ana tafiya miƙe jan bayansa kaɗan ne, allon yana sulalewa cikin natsuwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce inci ɗaya na zurfi ga kowace ƙafa ɗaya ta tsawon allo, wato allo mai ƙafa 9 ya sami fiffike mai kimanin inci 9. Ramin da yake zama a ciki dogo ne, kana iya matsar da shi gaba allon ya saki jiki, ko ka kai shi baya ya ƙara riƙo, kuma inci ɗaya na matsarwa ana jin sa. Rauninsa yana fitowa idan aka kwantar da allo sosai a kan gefensa, domin a lokacin fiffiken tsakiya yana tasowa sama, kuma ba ya ƙara maka gudu idan ka dinga dannawa kana sassautawa. Shi ya sa wasu ke ƙara masa ƙanana biyu a gefe. Mai son tafiya a sannu, ya tsaya ƙyam ya bar igiya ta yi aikinta, wannan ne nasa.

Mai biyu kishiyarsa ne a hali. Manyan fukafukai biyu ne kusa da gefuna, tsakiya a buɗe, ruwa na fita ta wutsiya ba abin da ya tare shi. Bob Simmons ya gwada shi tun ƙarshen shekarun 1940, Steve Lis ya yi gajeren allo mai tsagaggiyar wutsiya da shi a San Diego a 1967, amma Mark Richards na Ostiraliya ne ya ɗaukaka shi da ya ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982. A ƙaramar igiya marar ƙarfi babu mai kama shi gudu. Na hau irinsa da yawa a ranakun rani, kuma daɗinsa gaskiya ne, allon yana tashi tun kafin ka nema. Matsalar ita ce babu komai a can ƙarshen wutsiya da zai tare ta, don haka idan igiya ta yi girma ta miƙe, ko ka danna ƙafar baya fiye da kima, sai ta fice ba sallama. Gwani yana mai da wannan zamewar ado, mai koyo kuwa faɗuwa take zame masa. Ba na ba wanda allo ɗaya kawai zai mallaka shawarar ya fara da shi.

Wannan raunin ne ya haifi mai uku. Simon Anderson, shi ma ɗan Ostiraliya, mutum ne dogo mai jiki, mai biyu yana yawan kuɓuce masa, sai a 1980 ya rage girman na gefe ya ƙara na uku mai kusan girmansu a can baya, ya sa wa tsarin suna Thruster. A 1981 ya ci gasar Bells Beach da shi cikin manyan raƙuman ruwa, ya ci wata a Sidni, ya rufe shekarar da gasar Pipeline a Hawayi, kuma ba a ɗauki shekaru ba yawancin 'yan gasa suka koma kansa. A allo na yau, na gefe suna zama kimanin inci 11 daga ƙarshen wutsiya, na tsakiya kimanin inci 3 da rabi, zurfin kowanne bai wuce inci 4 da rabi da ɗan wani abu ba. Idan ka kwantar da allo, na gefen da ke cikin ruwa yana cizo yana turawa, na baya kuma yana tsare wutsiya, shi ne kuma madogarar da allon ke juyawa a kanta. Abin da ya sa na fi yarda da shi shi ne yana gargaɗi. Kafin ya saki yakan fara ɗan sassautawa har ka ji a tafin ƙafa, ka gyara tsayuwa. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne jan baya: fukafukai uku ne a ruwa, biyu a karkace, ɗaya a tsakiyar hanyar ruwa, don haka a igiya marar ƙarfi dole ka yi ta aiki da gwiwa kafin ka sami gudu, in ka tsaya cak allon ma ya tsaya.

Mai huɗu ƙoƙari ne na samun gudun mai biyu tare da riƙon mai uku. An cire na tsakiya, an sa ƙanana biyu a bayan na gefe, ta yadda duk ɓangaren da ka kwanta akwai fukafukai biyu a cikin bangon igiya, tsakiya kuma a buɗe. Sakamakon ya fito a wurare biyu masu nisa da juna: a ƙaramar igiya yana da gudu ba sai an wahala ba, a igiya mai miƙaƙƙen bango da ke naɗewa kamar bututu kuma yana manne wa bangon ya tsere. A tsakanin waɗannan ne yake da nauyin kai. Yana son ya bi layin da ya ɗauka, idan ka nemi ya juyo da sauri daga ƙasa zuwa sama sai ka ji yana gardama, kuma idan ya tashi sakewa ba ya yawan gargaɗi. Wurin zaman na bayan ma yana sauya halinsa ƙwarai: in sun matso tsakiya sai ya yi kama da mai uku, in sun koma bakin gefe sai ya yi kama da mai biyu. Saboda haka alluna biyu masu fukafukai huɗu suna iya bambanta fiye da yadda mai saye ta intanet zai gane daga hoto.

Yanzu sai a auna duk wannan da ruwan da za a hau. Tarkwa Bay tana cikin kariyar ganuwar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwan Legas, da jirgin ruwa ake isa, igiyarta kuma gajeriya ce, tana dukan ganuwar ta dawo ta haɗu da mai bi mata, ta yi tsini ta ba ka 'yan daƙiƙu. A irin wannan wuri abin da kake bukata shi ne ka tashi da sauri, ka juya a ƙunci, kuma a nan mai uku da fiffike miƙaƙƙe ya fi dacewa. Lighthouse Beach da ke bayan ganuwar buɗe take ga teku, igiyarta ta fi ƙarfi da sauri, a can ne mai huɗu ke nuna amfaninsa, amma ba wurin mai koyo ba ne. Lokaci ma yana da hannu. Manyan igiyoyi suna zuwa ne daga kudancin Tekun Atilantika a watannin damina, da rani kuwa ruwan yakan kwanta. Mu 'yan Abuja sau da yawa hutun ƙarshen shekara ne ke kai mu, lokacin da igiya take ƙarama, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ban rufe ƙofar mai huɗu ba.

Akwai abin da ya fi adadi saurin ɓata tafiya, wato ramin da fiffiken ke shiga. Manyan tsare-tsare biyu ne a kasuwa. FCS, wanda ya fito daga Ostiraliya a farkon shekarun 1990, fiffikensa ƙafa biyu gare shi, sabon samfurinsa na FCS II da ya zo a 2013 kuma dannawa ake yi ya kama ba sai da sukuru ba. Futures, na Kalifoniya, ƙafa ɗaya ce doguwa da ke cika ramin, a ɗaure ta da sukuru guda. Na wannan ba ya shiga ramin wancan. Ni da kaina na taɓa yin oda ban duba ƙarƙashin allona ba, na ɗauki kayan a ledarsu har Legas, sai da na durƙusa a kan yashi da ɗan alanki, wato makullin ɗaure sukuru, a hannu na ga ƙafa biyu ce a hannuna, ramin kuwa dogo ne guda. Da wani matashi ɗan wurin bai ara mini tsofaffin nasa ba, da kwana ukun nan a kallo za su ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada komai a gida, a cire fukafukan kafin a shiga jirgi, a tafi da alanki biyu da ragowar sukuru, domin sukurun bai fi ƙwayar shinkafa ba, in ya faɗi a yashi ya tafi ke nan.

Girma da nauyin mahayi ake auna shi. A ma'aunin FCS, matsakaici na mai kilo 65 zuwa 80 ne, babba na mai 75 zuwa 90. Wanda ya faɗo a tsakani, ya ɗauki ƙaramin in yana son allo ya saki, babban in yana son riƙo. Game da abin da aka ƙera shi da shi, na roba yana lanƙwasawa ya daɗe bai dawo ba, na zaren gilashi ko na kabon yana dawowa da sauri ya harba allon gaba a ƙarshen juyi. Bambancin gaskiya ne, amma sai mai danna allo da ƙarfi yake jin sa, kuma ban ga dalilin da mai zuwa teku sau huɗu a shekara zai zuba kuɗi a kan kabon ba. Wanda kuwa bai iya tsayuwa sosai ba tukuna, ya bar duk wannan lissafin, ya hau allon soso mai kimanin ƙafa 8 da fukafukan roba masu taushi. Kaifin fiffike yana yanka kamar wuƙa, kuma yankansa na cikin raunukan da masu wannan wasa suka fi samu.

Tafkin Jabi nasa lissafin daban ne, kuma na ga mutane da yawa suna ɗora masa na teku. A allon da ake tsayawa a kai ana tuƙi da filafili, gudun bai fi na mai saurin tafiya a ƙasa ba, babu bangon igiya, babu kwantar da allo, don haka fukafukan gefe ba su da aikin yi sai jan baya. Abin da ake nema shi ne allo ya tafi miƙe, ka yi tuƙi da yawa a hannu ɗaya kafin ka sauya. Fiffike ɗaya mai faɗi, mai zurfin inci 8 ko 9, shi ke yin wannan, tunda a ƙaramin gudu faɗi ne ke cike gurbin ƙarfin da gudu bai bayar ba. Na fi son wanda ya kwanta baya, domin ciyawar ruwa da leda suna zamewa ta kansa su wuce, miƙaƙƙe kuwa yana tattara su har ka ji kamar an ɗaura maka buhu. Kusa da gaɓa inda ruwa bai da zurfi a sauka a ja allon, kuma ko da an iya ruwa a sa rigar kariya.

Abin da na ce wa ɗan yayata daga ƙarshe shi ne ya nemi allo mai ramuka biyar, wanda ke karɓar uku yana karɓar huɗu, ƙarin nauyinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Nauyinsa kilo 72 ne, don haka ya sayi matsakaitan fukafukai uku na zaren gilashi, masu matsakaiciyar kwanciya, ya hau su har sai ƙafarsa ta san lokacin da suke shirin saki. Bayan haka ƙananan biyu na baya kawai zai ƙara saya, na gefen da yake da su za su zauna a inda suke. Ya ce, "To Kawu, ta yaya zan san wanda ya fi mini?" Na ce ya zaɓi rana ɗaya a Tarkwa Bay, ya hau igiya goma da fukafukai uku, ya fito ya cire na tsakiya ya sa na bayan, ya koma nan take kafin ruwa ya cika ko ya janye, domin in ya bari sai gobe, tekun ne zai sauya ba fiffiken ba. Ya aika odar da daddare, bayan ya kira ni ya karanta mini sunan ramin sau biyu.